Ku Tambayi Mudun Kafin Ku Karɓi Awon

'Yan'uwa matasa, ga taƙaitaccen jawabin da wani malami masanin lissafi ya gabatar a zaman tattaunawa na matasa, a kan alƙaluman da gwamnati ke fitarwa.

Bayan sallama, Malamin ya fara da tambayar ko akwai wanda zai sayi hatsi bai ga mudun da aka auna masa da shi ba. Ya ce to haka alƙaluman hukuma suke, kowannensu da mudunsa.

Ya kawo misali da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A watan Agustan 2023 sai ta fitar da rahoton da ya ce a farkon shekarar kashi 4.1 ne. Malamin ya ce babu wasu masana'antu da aka buɗe da suka kwashe wannan jama'a, mudun ne aka sake. A tsohon lissafi, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon lissafi, wanda ya bi tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya na samun kuɗi cikin kwana bakwai ya shiga sahun masu aiki. Ke nan matashin da ya gama digiri, ya ari mashin ɗin yayansa ya yi acaɓa da yammar Asabar, an lissafa shi mai aiki.

Ya ce adalci shi ne a faɗi cewa hukumar ba ta ɓoye canjin ba, ta yi bayaninsa a rahoton. Har ta nuna sama da kashi 90 na masu aikin, aikin buga-buga suke yi, ba mai takarda da tsayayyen albashi ba. Amma rahoton da Turanci yake, abin da ya isa rediyo da majalisar shayi kuwa shi ne kashi 4 kawai. Ya ce hatsarin shi ne ɗan majalisa ko kwamishinan da ya riƙe wannan adadi shi kaɗai zai zauna rabon kasafin kuɗi yana ganin matsalar matasa ta kau.

Haka nan hauhawar farashi, in ji shi. A Disambar 2024 an ce kashi 34.80 ne, a Janairun 2025 aka ce 24.48, bayan an sauya shekarar da ake kwatanta farashi da ita daga 2009 zuwa 2024. Ya ja kunnen 'yan'uwa cewa saukar wannan adadi ba saukar farashi ba ce. Kashi 24 na nufin kayan Naira 1,000 a bara sun koma kusan Naira 1,240.

Don haka ya buƙaci hukumomi su riƙa fitar da bayanin yadda suka auna tare da adadin, cikin Hausa da sauran harsunan jama'a. Ya kuma hori matasa da kada su yi saurin ƙaryata adadi don kawai daga gwamnati ya fito, kada kuma su yaɗa shi sai sun san wa aka ƙirga, yaushe aka ƙirga, da wane mudu.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a.