Alƙalami Ba Ya Jiran Ritaya



An nemi in yi tsokaci a kan yadda marubuci ke haɗa rubutu da neman abinci. Amsar tana cikin tarihinmu. A shekarar 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai daga Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, malamin Midil ta Bauchi ne. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma alli ne a hannunsa. Albashi ne ya riƙe gidajensu, rubutu kuwa sai bayan an tashi aiki. Ko a shekarun 1990, lokacin da littattafan Kano suka cika kasuwa, marubuta da dama da kuɗin aljihunsu suka buga, suka kai wa masu shaguna, suka zauna jiran ciniki. Ke nan a ƙasar Hausa alƙalami bai cika ciyar da mai shi ba. Sana'a ce ke ciyar da alƙalami.

Ni kaina na yi kuskure, kuma zan faɗe shi. Ina hedimasta, akwai wani dattijo a ƙasar Roni da ya haddace jerin sarakunan garinsu da labarin fari da yunwar da aka sha. Kullum ina cewa sai na yi ritaya zan zauna da shi. Kafin takardata ta fito, Allah ya yi masa rasuwa. Littafin rubutun da na saya dominsa yana nan fari fat.

Saboda haka, ya ku ma'aikata da 'yan kasuwarmu na Kano, Kaduna da Abuja, kada ku bar aikinku domin rubutu, kada kuma ku bar rubutu domin aikinku. Shafi ɗaya bayan sallar asuba, a shekara ya zama littafi. Idan kun zo gida hutun Sallah, ku zauna da dattawan Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, ku rubuta abin da ke bakinsu. Ita kuma wannan ƙungiya, ina roƙon ta ware wani abu don taimaka wa wanda ya kammala da kuɗin ɗab'i.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.