Littattafan da Muka Baro a Akwatin Makaranta

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)





Kwamitin shirya taro ya umarce ni in yi magana a kan littattafai, wato in ambaci waɗanda na karanta na amfana, da kuma abubuwan da na tsinta a wajen yawon nemansu. Na karɓi wannan umarni da ɗari-ɗari, domin a gaban waɗanda suka koya mini karatun nake tsaye, kuma Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saboda haka ina roƙon malamaina su ɗauki wannan jawabi a matsayin aikin gida da ɗalibi ya kawo a duba masa.

Maganata guda ɗaya ce. Littattafan adabin da aka koya mana a nan, yawancinmu don jarrabawa muka karanta su. Ranar da aka ɗaga alƙalami daga takardar ƙarshe, sai aka jefa su cikin akwatin ƙarfe tare da tsofaffin kayan makaranta, aka datse da kwaɗo. Yau mun zama ma'aikata da 'yan kasuwa da iyayen yara, amma karatunmu bai wuce fayil na ofis da saƙon waya ba. To, ni kuwa abin da na lura shi ne, littafin da mutum ya karanta yana ɗan shekara goma sha shida, idan ya sake buɗe shi bayan ya haura talatin, sai ya tarar kamar an sauya masa wani. Rubutun yana nan yadda yake, mai karatun ne duniya ta koyar. Don haka shawarata ita ce mu koma ga akwatin nan, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Bari in fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939. A aji, abin da ya dame mu shi ne haddace sunayen taurari da jigon kowane labari. Amma ku tuna da ginshiƙin littafi na ɗaya: sarki ya fita yaƙi, waziri yana ƙulla makirci, Musa ɗan sarki yana ɗokin fita daga fada ya faɗa tarko, sai aku ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare. Aku ba shi da takobi, ba shi da dogari, ba shi da ikon ya ce wa ɗan sarki kul. Abin da yake da shi kawai iya magana ne da sanin lokacin yin ta. Duk wanda ya taɓa zama ƙaramin ma'aikaci, ya ga maigidansa zai sa hannu a takardar da za ta jawo ɓarna, ya rasa ta inda zai ɓullo masa, to ya san halin da akun nan ya shiga. Ni a wurina wannan littafi ya fi kwas ɗin sanin makamar aiki da yawa amfani, kuma Hausar da ke cikinsa tana gyara wa mutum alƙalami ko da Turanci yake rubuta rahoto.

Na biyu shi ne Shaihu Umar na marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Muna yara, tafiyar Umar cikin hamada ce ta ɗauki hankalinmu. Yanzu kuwa da Allah ya ba mu 'ya'ya, uwarsa ce take hana mutum barci: matar da aka sace wa ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka mai da ita baiwa, ta sha wuya har Tarabulus, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba rai ya yi halinsa. A wannan zamani da satar mutane ta addabi garuruwanmu, babu wanda zai karanta wannan labari ya ce tarihi ne kurum. Ku kuma dubi yadda 'yan'uwansa fadawa suka kai Makau ƙasa don hassada. Wanda ya yi shekara biyar a aikin gwamnati ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan babi.

A nan ne zan kawo tsintuwata ta farko. Marigayi Adamu Halilu ya mai da wannan littafi fim a 1976. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi cikin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka kai shi Jamus aka gyara, har aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Ina ganin ya dace shugabanninmu su bincika hanyar da za a bi a nuna wa ɗaliban wannan makaranta shi.

Na uku, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Labarin wani attajiri ne ɗan fasa-ƙwauri, da yadda kuɗinsa suke buɗe masa ƙofofin da doka ta rufe. Abin lura a ciki shi ne, attajirin nan ba shi kaɗai yake cin karensa ba babbaka ba, sai da hannun masu riƙe da biro da hatimi. Yau fiye da shekara arba'in ke nan da rubuta shi. Ina roƙon kowane ɗan'uwa ma'aikaci ya karanta shi, sa'an nan ya tambayi kansa, a cikin mutanen littafin nan wane ne ya fi kama da ni?

Na huɗu, kada mu raina littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano. Gaskiya ne akwai tsakuwa a cikinsu, amma akwai shinkafa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya nuna halin da mace da 'ya'yanta suke shiga idan maigida ya juya musu baya saboda amarya, da yadda ta tsaya da ƙafarta ta riƙe su. Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga a 2012. Abin kunya ne a ce mutanen Indiya sun san wannan littafi, mu kuwa da aka rubuta shi da harshenmu ba mu taɓa buɗe shi ba. Maza na fi yi wa wannan shawara, domin matanmu sun riga mu karanta shi.

Na biyar da Turanci aka buga shi, wato Baba of Karo. Wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya mai suna Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. An haifi Baba a 1877, saboda haka ta ga zamanin hare-haren kamen bayi, ta ga zuwan Turawa, ta ga yadda aure da reno da ƙawance da sana'ar mata suke kafin abubuwa su canza. Littattafan tarihin da muka yi a aji na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Wannan kuwa tarihin tsakar gida ne. Duk wanda ya gama shi, ina tabbatar muku zai nemi tsohuwar da ta rage a danginsu ya zauna a gabanta da takarda, tun kafin ƙasa ta rufe mata ido.

Ban da waɗannan, akwai littattafan da ba a karanta su daga bango zuwa bango, amma gidan ɗan boko bai cika ba sai da su. Akwai Hausa a Rubuce na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, wanda ya bi tarihin rubutun Hausa tun daga ajami har zuwa boko, kuma daga cikinsa mutum zai tsinci sunayen littattafan da bai taɓa jin labarinsu ba. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, mai bayyana Hausa da Hausa. Akwai kuma tsohon ƙamus na Bargery, na 1934, wanda ya tattara kalmomi kusan dubu talatin da tara. Idan ka buɗe shi, za ka ga sunayen hatsi da na dawaki da na kayan saƙa waɗanda kakanninmu suke faɗa kullum, mu kuwa ko a mafarki ba mu ji su ba.

To, ina ake samun su? Waɗansu har yanzu suna kantunan littattafai na Zariya da Kano da Kaduna. Waɗansu sai a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi da ƙofar jami'o'i, kuma ina ba ku shawara kada ku wuce irin waɗannan mutane da sauri. A irin wannan shimfiɗa na tsinci Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin ziyarar da Abubakar Imam ya kai Ingila a 1943, bangonsa ya yage amma cikinsa lafiya lau, a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Wanda kuma aiki ya kai shi Kaduna, ya ware rabin yini ya shiga Gidan Arewa, wato gidan marigayi Sardauna Sa Ahmadu Bello, wanda aka mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai ɗakin karatu a ciki, gani ya kori ji. Sai dai in ja kunne a kan abu guda: idan marubuci yana raye, ko iyalinsa suna cin moriyar littafinsa, a sayi na gaskiya. Wanda ake turo maka kyauta a waya, sau da yawa gumin wani ne aka kwashe ba da izininsa ba.

Ranka ya daɗe Shugaba, kafin in zauna ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na farko, duk mai zuwa taron baɗi ya zo da littafi ɗaya, sabo ko tsoho, ya rubuta sunansa da shekarar da ya gama a shafin farko, a ajiye a ɗakin karatun makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan muka yi haka shekara biyar a jere, kanta za ta cika. Na biyu, a ware shafi guda a wannan mujalla tamu inda kowa zai rubuta layi goma a kan littafin da ya karanta a shekara. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, kowa ya zauna da 'ya'yansa ko da sau ɗaya a mako ya karanta musu labari da Hausa, da murya. Da yawa daga cikin yaranmu suna jin Hausa a baka, amma idan aka miƙa musu takarda sai su tsaya suna in-ina a kan ƙ da ɗ da ɓ. Idan muka yi sake, jikokinmu za su nemi Magana Jari Ce a fassarar Turanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu, musamman na Hausa da na Turanci, waɗanda suka sha fama da mu a kan auna fahimta da insha'i, alhali muna ganin takura ce. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa hasken abin da suka koyar ya bi su. Waɗanda suke raye, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Mu kuma Allah ya ba mu ikon buɗe akwatunanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.