Kyamarar Ƙwararru Mai Madubi: Abin da Kuɗinta Ke Saya

 

A shekarar 2020 manyan kamfanoni biyu na ƙasar Japan suka fitar da kyamarorin da suke tinƙaho da su. Canon ya fitar da EOS-1D X Mark III, Nikon kuma ya fitar da D6. Ta farko megafiksel 20.1 gare ta, ta biyu 20.8. A waccan shekarar kuwa ana sayar da wayar salula mai megafiksel 108. Ɗalibai sun sha tambayata yadda aka yi ƙwararre zai zuba kuɗin mota a kan 20 alhali 108 na cikin aljihunsa. Amsar wannan tambaya ce laccata ta yau.

Mu fara da ginin na'urar. Duka biyun irin da ake kira DSLR ne, wato kyamara mai madubi a ciki, an kafa shi a karkace. Haske ya shigo ta gilashin gaba, madubin ya cilla shi sama zuwa wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar, shi kuma ya miƙo shi tagar da kake leƙawa. Saboda haka abin da idonka ke gani shi ne ainihin abin da ke gabanka, ba tare da jinkiri ba. Kana danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya sauka a kan faranti mai karɓar hoto, wanda ake kira sensa. Tsari ne na zamanin fim, Nikon F ta 1959 ta shahara da shi. Kodak ne ya fara sayar da irinta ta dijital a 1991, a jikin Nikon F3, da megafiksel 1.3 kacal.

To, a wannan faranti maganar take. Farantin kyamarar ƙwararru milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, daidai da girman tsohon fim. Idan aka yanka shi gida miliyan 20, kowane gida zai kai kimanin maikuron 6.5. Na waccan wayar kuwa 0.8 ne. Wato filin gida ɗaya na kyamara ya ninka na waya fiye da sau 60. Ku ɗauka ana yayyafi, mace ɗaya ta ajiye daro a tsakar gida, maƙwabciyarta ta ajiye murfin kwalba. Haske haka yake taruwa. Shi ya sa a ɗakin kamun amarya da dare, inda fitila ba ta wadata ba, za ka ɗaga ISO, wato ma'aunin karɓar haske na faranti, zuwa 6400 hoton ya fito sumul, na waya kuwa ya fito da tsakuwa-tsakuwa ko fuska ta zama kamar an shafa mata man shanu.

Akwai wani amfani na babban faranti da ya shafe mu kai tsaye. Mutumin nan namu baƙi ne, ya sa farar shadda, ya tsaya cikin ranar Sallah da hantsi. Idan ka auna haske da rigar, fuskar ta dushe. Idan ka auna da fuskar, aikin rigar ya ƙone ya zama farin fili. Kyamarar ƙwararru tana iya riƙe duhu da haske a hoto guda, musamman idan an ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye duk abin da farantin ya gani. Daga baya a kwamfuta sai ka ɗago fuskar, ka dawo da zaren aikin wuya. Wanda ya ɗauki JPEG kaɗai ya zubar da yawancin wannan dama tun a fili. Ina roƙon masu ɗaukar biki su daina ƙyashin katin memori a kan wannan.

Sai sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe ya san jahi ba ya jiran kowa. Dawaki sun taho a guje, an ja linzami, ƙura ta tashi, an ɗaga mashi, duk cikin daƙiƙa biyu ko uku. D6 tana ɗaukar hoto 14 a daƙiƙa guda, ta Canon 16. D6 tana da wuraren kama saiti 105 da ke bin doki yana matsowa. Ƙarancin megafiksel ɗin da ake raina musu yana cikin abin da ya ba su wannan gudu, domin ƙaramin fayil ya fi saurin shiga kati, ya fi saurin isa teburin edita. Mai aikin situdiyo ko allon talla, wanda ba ya tsere da kowa, Nikon D850 ta 2017 mai megafiksel 45.7 ta fi dacewa da shi. Kowacce da aikin da aka ƙera ta domin shi.

Na uku shi ne juriya, kuma a ganina shi ne ya fi cin kuɗin. Jikin ƙarfen magniziyam ne, an toshe gaɓoɓinsa da roba saboda ƙura da yayyafi. Labulen 1D X Mark III an gwada shi zuwa bugu 500,000. Cajin batir ɗaya na D6 yana kai hoto 3,580 a ma'aunin masana'anta, abin da mai aiki a garin da wuta ba ta tsayawa ya san darajarsa. Ramin kati biyu ne, hoto yana shiga duka a lokaci guda, don idan ɗaya ya lalace ba za ka je gidan biki ka ce a sake ɗaurin aure ba. Amma a kula, toshiyar roba ba ta da amfani idan ka cire gilashi a tsakiyar hazon hunturu. A shiga mota ko ɗaki, a kifa bakin kyamarar ƙasa, sannan a canza.

Sai dai kyamarar ƙwararru tana da aibi. Nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi tun ba a ɗaura gilashi ba, kuma ƙarar madubinta tana damun mutane a masallaci ko zaman makoki. Zamaninta ma ya soma karkata. Sony ya fitar da A7 marar madubi a 2013, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya bayyana cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan masu madubi na kamfaninsa.

Wannan ya buɗe mana ƙofa. Ƙwararru a Turai da Amurka suna komawa marasa madubi, suna sayar da tsofaffin, farashinsu yana sauka, aikinsu kuwa yana nan yadda yake. Ɗalibin da zai sayi ta hannu, ya fara tambayar yawan bugun da labulenta ya yi, don shi ne kamar mitar tafiyar mota. Ya ɗauki hoton farin bango da ƙaramar ƙofar haske ya duba tabon farantin. Ya haska gilashin da tocila ya ga ko ya yi fumfuna. In kuɗinsa ba su kai ba, ya sayi jiki mai sauƙin kuɗi ya zuba sauran a gilashi mai kyau, domin gilashin zai ci gaba da yi masa aiki bayan ya canza jiki sau biyu ko uku.