Allunan Kashan masu ƙyallin zinariya

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasar Farisa, wadda ake kira Iran, a wani gari mai suna Kashan.

A zamanin da, mutanen Kashan gwanayen gini ne. Suna yin ƙananan alluna na gasasshiyar ƙasa, ana liƙa su a bangon masallatai da hubbarorin manya. In haske ya bugi allon, sai ya yi ƙyalli kamar zinariya. Amma babu zinariya ko ɗigo a cikinsa.

To, yaya suke yi? Ku saurara da kyau. Sukan niƙa farin dutse kashi 10, su haɗa da garin kwalba kashi 1 da farin yumɓu kashi 1. Su gina allo, su shafe shi da farin ruwan kwalba, su gasa. Sannan su dama azurfa da jan ƙarfe, su yi zane da rubutu a kai. Su sake gasawa da wuta kaɗan da hayaƙi, kwana 3. Hayaƙin ne ke sa ƙarfen ya kama fuskar allon. In ya huce, allon baƙi yake fitowa. Sai a goge shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙyalli ya bayyana.

Wannan sana'a a Iraƙi ta soma, a ƙarni na 9. Ta bi ta Masar, ta iso Farisa wajen ƙarshen ƙarni na 12. Wasu allunan siffar tauraro gare su, mai tsini 8. A gefensu ake rubuta ayoyin Alƙur'ani ko waƙoƙin Farisanci.

Wajen shekarar 1340 aikin ya ja baya. A ƙarni na 19 aka ɓamɓare alluna da yawa, aka sayar wa Turawa. Mihirabin masallacin Maidan na Kashan, wanda aka yi a 1226, yana gidan tarihi a Balin, ƙasar Jamus.

Ta yaya muka san sirrin aikin? Wani ɗan gidan maginan, Abul Ƙasim, ya rubuta shi a 1301. Mai mihirabin kuma, Hasan ɗan Arabsha, ya sa sunansa da shekara a jikin aikinsa. Da ba su rubuta ba, da ƙasa ta rufe sunansu da saninsu.

Ƴan uwa, wane sani ne ke gidanku wanda ba a rubuta ba tukuna? Ku tambayi tsofaffi, ku ɗauki alƙalami.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.