Wuƙar da Jiki Ke Yanka Kansa da Ita



Jawabinmu na yau ya shafi wani zare da ke riƙe da jikin ɗan Adam, wanda masana ke kira kolajin. Shi ne ƙarfin fata da jijiya da guringuntsi da huhu, kuma shi ke sa romon ƙafar saniya ya yi kauri idan ya huce. Saƙarsa igiya ce mai tufka uku, wadda ba kowane sinadari ke iya tsinkawa ba.

A shekarar 1962, Jerome Gross da Charles Lapiere, suna bincike a Amurka, suka gano sinadarin da ke tsinka wannan zare a wutsiyar talibambam, lokacin da take narkewa zai zama kwaɗo. Sunansa kolajinas. A 1968 kuma aka same shi cikin fararen ƙwayoyin jininmu, wato dakarun da ke kare mu daga cuta.

To, me dakarun ke yi da wuƙa irin wannan? Idan cuta ta shiga nama, da ita suke sare hanya su isa fagen fama, su kuma share matacciyar tsoka domin rauni ya warke. Jiki yana da waɗansu sinadarai masu mayar da ita kube in aiki ya ƙare. Amma idan yaƙi ya yi tsawo, sara yakan wuce kima. Ta haka gyambo ke ƙin warkewa, dasashi ya zaizaye har haƙori ya faɗi.

Babban misali shi ne tarin fuka. Kogon da likita ke gani a hoton huhu, galibi dakarunmu ne suka haƙa shi suna neman abokan gaba. A cikinsa ƙwayoyin cutar ke hayayyafa, tari ya watsa su ga iyali. Magani na wata 6 yana kashe su, amma ba ya mayar da huhun da ya riga ya rushe.

Saboda haka, 'yan'uwa, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Duk wanda muka ji yana tari har mako 2, a ɗakin kwana ko a ofis, mu raka shi asibiti a gwada majinarsa.