Haƙuri da Iyakarsa a Rayuwar Kirista



Kalmar haƙuri a bakinmu kaya biyu take ɗauka. Akwai haƙurin wanda aka cuta ya bar wa Allah, wannan Almasihu ya umarce mu da shi, har ya hana Bitrus ƙirga sau nawa ya yafe. Akwai kuma na wanda ya ga ana ɓarna ya kau da kai. Wannan tsoro ne ya ari rigar haƙuri.

A ikilisiyar Koranti wani mutum ya zauna da matar ubansa, jama'a suka yi shiru. Manzo Bulus ya ce a fitar da shi daga cikinsu. Amma mu lura da inda horon ya tsaya: a daina cuɗanya da shi, ko cin abinci tare. Babu bulala, babu ɗauri, kuma Bulus ya ce hukunta na waje ba aikinsa ba ne.

Magabatanmu sun sha tsallake wannan shinge. A shekarar 1553 majalisar birnin Janiba ta ƙone wani likita ɗan Sifen, Mika'ilu Sabetus, da ransa, domin ya ƙi koyarwar Triniti. Kalbin ya goyi bayan kisan, sai dai ya roƙa a yi da takobi maimakon wuta, wai sassauci ke nan. Sai a 1903 mabiyansa suka kafa dutsen nadama kusa da wurin.

Jamus kuwa ta faɗa ɗaya ramin. A 1933 majalisar ikilisiyar Furushiya ta amince a sauke fastocin da ke da asalin Yahudawa, masu wa'azi da yawa suka haɗiye maganar don a zauna lafiya. Sanarwar Barmen ta 1934 ta ƙi a mai da ikilisiya baiwar gwamnati, amma ba ta ce uffan a kan Yahudawa ba. Bonhoeffer, wanda ya ƙi yin shiru, an rataye shi ran 9 ga Afrilu, 1945.

To, mu fa? Yarinya ta yi cikin shege, nan da nan mu sa ta a horo, mu hana ta jibin Ubangiji. Attajirin da ya danne ladan ma'aikatansa wata da watanni kuwa, kujerar gaba muke ba shi, kuma shi muke gayyata ya shugabanci taron neman gudummawar gini.