Larabar da Ba Ta Faɗin Juma'a: Zaɓen Malamai da 'Yan Wasa



Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mu kuwa yau gardama muka zo yi wa wannan magana, domin akwai sana'o'i biyu da Larabarsu ba ta cika faɗin gaskiya ba, watau wasa da koyarwa.

Mu fara da filin ƙwallo. Sau biyar Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na samari, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A gasar 2007 Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallaye, har guda 7, muka zaci an sami magajin Rashidi Yekini, amma bai taɓa zama jigo a babbar ƙungiyar ƙasa ba. A 2015 Victor Osimhen ya ci 10. Ƙungiyar Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi, ya kasa cin ko ɗaya a gasa, har ta ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018. Yaron nan ne a 2023 ya gama gasar Italiya da ƙwallaye 26, Napoli ta ɗauki kofin da ta shekara 33 tana nema, aka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka. Ko Amurkawa, da duk lissafinsu, a zaɓen 'yan ƙwallon kwando na 1984, bayan an ɗauki Hakeem Olajuwon ɗan Ikko, sai da aka fifita Sam Bowie a kan Michael Jordan.

Dalili shi ne gwajin daban, aikin daban. Cikin yara, wanda ya riga girma shi ke ture sauran (ba mu ma taɓo batun rage shekaru ba). Cikin manya kuwa kowa ƙaƙƙarfa ne, sai a koma ga saurin tunani da jure zaman benci.

Kuskure a kan ɗan wasa asarar kuɗi ce. Kuskure a kan malami kuwa, yara hamsin ke biyan bashinsa kowace shekara, har ya yi ritaya. Sa'ad da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara sun yi ambaliya fiye da yadda aka tsara, aka horar da malamai cikin gaggawa. Daga baya aka ce maganin abin shi ne takarda, aka mai da shaidar NCE mafi ƙanƙantar sharaɗi. Duk da haka, a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malamai 21,780 cikin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Lalle wanda bai sani ba ba zai koyar ba. Amma jarrabawa irin wannan jahili kaɗai take kamawa. Ba ta nuna wanda zai lura da yaron da ya yi shiru a bayan aji don bai gane ba, ko wanda zai kashe hayaniya tun tana raɗa.

A 2006 masana uku, Gordon da Kane da Staiger, sun duba malaman birnin Los Anjalis, suka tarar bambancin masu shaidar koyarwa da marasa ita kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi nuna gaba shi ne yadda ɗaliban malami suka ci gaba a shekarunsa biyu na farko.

To, 'yan'uwa da za ku zauna a ma'aikatun ilmi, ƙa'idar aikin gwamnati ta riga ta ba ku shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da ma'aikaci. Sau da yawa fayil kawai ake sa wa hannu. Muna roƙon sufeto ya shiga aji ya zauna tun daga farkon darasi har a kaɗa ƙararrawa, ya buɗe littattafan yara, ya komo wani zangon ya sake dubawa, sannan ya ɗauki alƙalami.